Murhun Gas a Bakin Gada

Mahaifina mai balangu ne. Tun kafin a haife ni yake gashi a bakin titi, kusa da gadar Wudil, daidai inda motocin da suka taso daga Kano suke rage gudu. Kayan aikinsa ba su da yawa: rabin duro da waya a kansa, teburin yanka, wuƙaƙe biyu, sai kwanon yajin da mahaifiyata, Inna, take daka masa. Ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, shi ne mai yanka da naɗewa a takarda. Wuta kuwa ta Baba ce, ba ya yarda kowa ya taɓa masa ita.

Ni ban gaji sana'ar ba. Boko na yi, na samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'ar da ke garinmu, ina wanke kwalabe ina shirya wa ɗalibai kayan aiki. Shi ya sa Baba yake ce mini Malam. Dama da yake ni ne ɗan fari, ba ya kama sunana.

Tarin Baba mun daɗe da sabawa da shi har mun daina jin sa. Da shi muke gane ya shigo lungu. Sai wata shekara, bayan an gama girbi, Inna ta tare ni a ƙofar ɗakinta ta ce, "Babanku fa yanzu sai ya huta sau biyu kafin ya kai masallaci." Tsakanin gidanmu da masallacin gida biyar ne. Washegari na laɓe na bi bayansa, na gan shi ya dafa katangar maƙwabta, kansa a sunkuye, yana jiran numfashi ya dawo.

Da ƙyar ya yarda muka je asibiti a Kano. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ba shi wani abu ya hura. Likitan ya ɗaga hoton ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Baba, shekara nawa ka yi kana shan taba?"

Baba ya dube shi ido cikin ido. "Ban taɓa sa ta a bakina ba."

"To wace sana'a kake yi?"

Da aka gaya masa sai ya gyaɗa kai. Ya ce hayaƙin itace ne ya yi wa huhun wannan aiki, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa, iyakar abin da za a iya shi ne a hana ɓarnar ƙaruwa. Ya rubuta magunguna da abin shaƙa, ya ce amma babban maganin shi ne Baba ya rabu da hayaƙi.

A mota muna dawowa Baba yana ta kallon gonaki. Sai da muka hango kogi ya ce, "Likitan nan yana da ladabi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar. Washegari da hantsi yana bakin gada yana hura wuta.

Na roƙe shi ya zauna a gida, na ce ni da ƙannena za mu ɗauki nauyin komai. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Na ji, Malam. In na zauna, in riƙa kallon me?" Na kai ƙara wurin Inna, ta ce ita ta shekara arba'in tana magana. Na sa limamin unguwa ya yi masa nasiha, suka ƙare da hirar farashin raguna.

Ana cikin haka wani abokin aikina, malami mutumin Yola, ya yi walimar suna a gidansa da ke rukunin gidajen ma'aikata. A bayan gidan na tarar ana gasa kaji a kan wani murhu mai ƙafafu, an jona shi da tukunyar gas. Na tsaya a gabansa na fi minti goma. Kaji suna ta tsiyayar mai, fatarsu tana yin ja, amma idona bai yi yaji ba, mai gashin ma hira yake yi yana dariya. A nan na ce a raina na samo mafita. Ban gaya wa kowa ba. Ranar Asabar na hau motar Kano.

A kasuwar Sabon Gari na fara ganin irin waɗanda ake shigowa da su daga waje, masu murfi da tayoyi, suna ta ƙyalli, har da wani ɗan agogo a jikin murfin mai nuna zafi. Sun burge ni. Sai na sa babban yatsana na danna gefen ɗaya, ƙarfen ya lotsa ya dawo kamar gwangwanin madara. Na zaga wajen 'yan gwanjo, nasu ƙarfen ya fi kauri, amma da na leƙa ciki bututun da wuta take fitowa duk tsatsa ta cinye su. A shago na huɗu ko na biyar na samu wani dattijo, ya ba ni kujera ya ce, "Na gida kake nema ko na sana'a?"

Na ce na sana'a.

"Nama nawa ake ɗorawa a lokaci ɗaya?"

Da naman nan aka ciyar da ni, da shi aka sa ni a makaranta, amma ban san yawan abin da mahaifina yake ɗorawa a waya ba. Na fita waje na kira Baffa. Ya ce ranar Juma'a, da yake ranar kasuwa ce, rago biyu suke yi da cinyar sa, sauran ranaku rago ɗaya. Ya ce, "Lafiya dai?" Na ce lafiya, tambaya ce kawai.

Da dattijon ya ji haka sai ya ce babu abin da zai yi mini a shagonsa, waɗannan na masu gasa kaza biyu ne ranar hutu. Ya kwatanta mini wani mai walda da yake ƙera wa masu gidajen abinci. Can na samu abin da na saya: dogo ne, na baƙin ƙarfe mai kauri, mai kai huɗu, kowane kai da makunninsa, a ƙasa akwai faranti mai tarar mai. Ba shi da murfi, ba shi da kyau, mutum biyu ne suke iya ɗaga shi. Mai waldar ya tsayar da ni ya karanta mini dokoki. Tukunya a tsaye take zama, a inuwa, nesa da wuta. Duk sanda aka jona tiyo a shafa ruwan sabulu a mahaɗar, in ya yi kumfa to gas yana fita. A fara kunna ashana kafin a murɗa makunni. In an tashi, a fara rufe tukunya. Na rubuta su duka a bayan wata takarda, ina jin kaina kamar wanda ya sayo lafiya a cikin mota.

Da aka sauke shi a ƙofar gida, Baba ya fito ya zaga shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa. Ya ce, "Allah ya yi albarka." Na yi masa bayani, yana ta gyaɗa kai. Can ya ce, "To ina gefen sanyi?" Ban gane ba. Ya ce shi a duronsa yakan tara garwashi gefe ɗaya, ya bar ɗaya gefen da ɗumi kawai, inda nama yake kwanciya ya huce ya tsotse mansa. Na nuna masa ai sai a rage kai biyu, a bar biyu da ƙarfi. Ya ce, "To." Na san wannan "to" ɗin. Irinta yake yi wa mai saye in ya ce a ƙara masa gyara.

Na ɗauki hutun kwana uku a wurin aiki. Ranar Litinin muka kai murhun bakin gada, muka jingine tsohon duron a bayan rumfa. Maƙwabcin Baba mai suyar kifi ya ga tukunyar gas, ya ja bencinsa ya matsa da shi can gaba. Masu rake da masu shayi suka taru suna kallo ina shafa ruwan sabulu. Wani ya ce in za ta fashe dai a bari sai ya yi sallar azahar. Aka yi dariya, Baba ma ya murmusa.

Abin da ban yi tunani ba shi ne wutar gas ba a ganin ta da rana. Shuɗiya ce, hasken rana yana shanye ta. Baba da ya saba karanta wuta da ido, ya san mai ja, ya san wadda toka ta rufe, sai ga shi a gaban wutar da ba ya gani. Ya miƙa tafin hannu don ya ji ta, gashin bayan hannunsa ya babbake. Ga iskar kogi, wadda da ita ce take taya shi fifita, yanzu sai ta hure kai ɗaya ba wanda ya sani, sai mun ji warin gas. Man rago ya ɗiga a kan bututu, wuta ta tashi bal, kafin Baba ya janye haƙarƙarin ya yi baƙi ƙirin. Ya tsaya riƙe da ƙarfen juyawa yana kallon sa. Baffa ya ɗauke naman, ya juya baya, ya shiga feffeƙe wurin da ya ƙone. Daga baya ya gaya mini tun suna samari bai taɓa ganin yayansa ya ƙona nama ba sai ran nan.

Muka gyara abin da za mu iya. Na sa aka yanko kwanon rufi aka kare ɓangaren kogi. Na koma wurin mai waldar ya ƙera wasu 'yan ƙarafa masu kamar jinka aka kifa a kan bututun don kada mai ya riƙa ɗiga musu. Baba kuwa, in faɗi gaskiya, ya yi ƙoƙari. Cikin mako biyu ya koyi sauraren wutar da kunne, ya gane ƙarar da take yi in an ƙure ta. Naman yana gasuwa, yana yin taushi, har ya fi saurin nuna.

Amma motoci suka riƙa wucewa. Na zauna a benci ina ƙirga su da ido, ban gane dalili ba, sai da Baffa ya ce, "Ai hayaƙin ne yake kiran su." Baba bai taɓa kafa allo ba. Matafiyi tun daga ƙetaren gada yake hango hayaƙi, ƙamshi ya shiga mota, wani ya ce direba tsaya. Yanzu rumfar ta zama fes, kamar ba a buɗe ba.

Akwai wani direban tirela, mutumin Azare, wanda ya shekara fiye da ashirin ba ya wucewa sai ya tsaya. Ran nan ya zo, suka gaisa da Baba, aka tambayi iyali da hanya da gajiya, aka yanka masa kamar kullum. Ya kai loma ɗaya, ya tauna a hankali. Ya ce, "Maigida, yau wa ya yi maka gashin?"

Baba ya ce, "Ni ne."

Direban ya leƙa ƙarƙashin waya, ya ga tiyo, ya bi shi da ido har kan tukunya. Ya ce, "Allah sarki. Ya yi daɗi ai." Ya naɗe sauran ya sa a aljihu. Ina zaune a wurin, na ji kamar in nutse.

Na karanta a waya cewa masu irin wannan murhu suna sa ɓawon itace a gwangwani su ajiye a kan wuta, don nama ya ɗauki ƙamshin hayaƙi. Na kawo gwangwanin tumatir na huda shi, na cika da 'yan guntayen marke. Ya yi aiki kuwa, ƙamshi ya tashi. Sai na ga hayaƙin ya miƙe ya nufi fuskar Baba, ya kau da kai ya shiga tari. Na ɗauke gwangwanin da tsumma na jefar.

Wani abin kuma da na lura da shi a zaman nan: ko da murhunmu bai yi hayaƙi ba, na mai kifi yana nan, na mai shayi yana nan, ga baƙin hayaƙin manyan motoci masu hawa gada. Duk a rumfar Baba suke haɗuwa. Ba ni da ikon saya wa kowa murhu, ba ni da ikon juya iska.

Wata Juma'a, kamar wata biyu da fara aiki da gas, na fito daga masallaci na biya ta bakin gada. Tun daga nesa na hango hayaƙi yana tashi daga inda na sani. Da na ƙarasa na tarar an jawo tsohon duron, wuta tana ci, mutane sun kewaye tebur, Baffa yana yanka ba ɗaga kai. Murhun gas yana gefe, an ɗora buhun albasa a kansa. Baba yana tsaye a cikin hayaƙin, idanunsa suna ruwa, hannunsa yana tafiya a kan waya kamar ba abin da ya taɓa raba su.

Baffa ya ce gas ɗin ne ya ƙare wajen sha ɗaya, nama bai kai rabin nuna ba, ga kasuwa ta cika. Mai kifi ne ya ɗebo musu garwashi a shebur. Na ce ai da sun kira ni. Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Itace in zai ƙare ina gani. Wannan kuwa ba ta sallama."

Na sayo tukunya ta biyu don kada hakan ya sake faruwa. Aka koma gas ranar Asabar. Amma daga ranar duron bai koma bayan rumfa ba. Sai ya zama a fara da gas, a ƙarasa a garwashi, wai don ƙamshi. Daga baya ya zama gas na ɗumama abin da ya huce ne kawai. In ya hango ni tafe sai ya matsa kusa da murhun gas ya kama murɗa makunni, kamar ni ne uban shi ne ɗan. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Wata ranar da la'asar, kasuwa ta lafa, na zauna kusa da shi na ce, "Baba, likita fa ya ce hayaƙin nan ne."

Ya ce, "Na ji shi."

"To me ya sa?"

Ya daɗe yana goge wuƙa da tsumma. Sannan ya ce, "Malam, murhunka ba shi da laifi. Ka yi abin da ɗa yake yi. Amma ni in na tsaya a gabansa ji nake kamar aron hannu aka ba ni. Abin da ya rage mini ba shi da yawa, ka bar ni in yi shi yadda na iya."

Na so in yi masa gardama. Ina da hujjoji, na karanta, na san sunan ciwon da Turanci, na san yadda yake ƙarewa. Amma sai na tashi na taya Baffa yanka albasa, don a ce ita ce ta sa ni hawaye.

Da damina ta kankama jikin ya ƙi. Ya kwanta asibiti kwana tara, aka sa masa robar iska a hanci. Da aka sallame shi, ba likita ba ne ya hana shi komawa bakin gada, ƙafafunsa ne da numfashinsa. Daga ɗaki zuwa zaure sai an riƙe shi. Baffa ya ci gaba da sana'ar da duro, ya aiko mini da murhun gas a amalanke, ya ce wurin ya yi masa kaɗan. Muka ajiye shi a tsakar gida a gindin darbejiya, Inna ta rufe shi da tsohuwar tabarma.

Da Babbar Sallah ta zo muka yanka rago. Duk shekara Baba ne mai gasa haƙarƙarin layya, mata su yi suyar sauran. A wannan karon Inna ta ce a soye duka kawai. Baba daga ɗaki ya ce a'a, a fito da shi. Muka shimfiɗa masa darduma a kan kujera a inuwa, muka sa matashi a bayansa. Ya ce in kunna murhun. Na jona tiyo, na shafa ruwan sabulu, na kunna.

Ban taɓa gasa nama ba a rayuwata. Shi ya riƙa gaya mini, kalma biyu ya huta, kalma uku ya huta. In tsaga nan. Kada in sa gishiri tukuna. In kwantar da ɓangaren ƙashi ƙasa. Na kai hannu zan juya, ya ɗaga yatsa, na dakata. Ya rufe ido yana sauraro. Can ya ce, "Yanzu." Na juya, ga shi ya yi ja daidai. Ƙannena mata suka leƙo daga madafa suna kallonmu.

Da ya nuna na yanka masa 'yar tsoka mai taushi, na barbaɗa yaji kaɗan, na kai masa a faranti. Ya ɗauka ya duba ta gaba da baya, ya sa a baki. Bai iya haɗiyewa ba, tari ya taso masa, ya daɗe bai sake shi ba. Inna ta kawo abin shaƙa, muka kama shi ni da ita muka mai da shi ɗaki. Da na gyara masa kwanciya zan fita, ya riƙe gefen rigata ya ce, "Ka rage wutar gefen hagu. Akwai sauran cinya."

Na koma tsakar gida na rage wutar, na gasa cinyar ni kaɗai. Aka rarraba wa maƙwabta kafin magariba.

Yanzu Baba yana ɗaki mafi yawan yini. Duk wata nakan kai shi Kano, likita ya duba, ya canza wani magani ya bar wani. In na tambaye shi me kuma za mu yi, sai ya ce mu ci gaba da abin da muke yi. Ni kuwa in na tashi daga aiki nakan biya in zauna a bakin gadonsa, in ba shi labarin jami'a, wanda na san bai dame shi ba, yana saurare har barci ya ɗauke shi.